Teku Na Cin Ƙasa, Doka Na Bin Sawu: Nazari Kan Sabon Tsarin Gaɓar Teku a Faransa

A shekarar 1967, lokacin da aka gina benen Le Signal a garin Soulac-sur-Mer da ke kudu maso yammacin Faransa, tsakaninsa da Tekun Atlantika akwai tazarar mita 200. Kafin Janairun 2014 igiyar ruwa ta cinye filin, saura 'yan mitoci kaɗan, sai hukuma ta umarci mazauna gidaje 78 da ke cikinsa su kwashe kayansu. Ba a fara rushe shi ba sai a Fabrairun 2023. Wannan maƙala ta ɗauki abin da ya sami benen a matsayin ma'auni, domin gane abin da sabuwar dokar Faransa ta gyara da abin da ta bari.

Tsohon tsari ya ginu ne kan zaton cewa bakin teku yana nan inda aka bar shi. Dokar gaɓar teku ta 1986 ta hana gini cikin mita 100 daga bakin ruwa a wuraren da gari bai riga ya mamaye ba. Asusun Barnier kuwa, wanda aka kafa a 1995, yana sayen gidajen da bala'i ke wa barazana. Da guguwar Xynthia ta halaka mutum 29 a La Faute-sur-Mer cikin Fabrairun 2010, gwamnati ta sayi gidaje a can ta rushe. Masu Le Signal sun nemi irin wannan tallafi aka hana su, domin dokar ba ta lissafa zaizayar rairayi cikin bala'o'in da asusun ke ɗauka ba. A Afrilun 2018 Majalisar Tsarin Mulki ta ce wannan bambanci bai saɓa wa kundin ƙasa ba. Sai da 'yan majalisa suka yi musu tanadi na musamman kafin aka biya su kashi 70 cikin 100 na darajar gidajensu, bayan shekaru suna jira.

Ruwan kuma bai tsaya ba. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa tekun duniya ya ɗaga da kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018.

Dokar yanayi ta 22 ga Agusta 2021 ta shigar da lokaci cikin taswira, kuma a nan ƙarfinta yake. Ƙananan hukumomin da aka sa a jerin masu fuskantar zaizayar gaɓa, guda 126 a jerin farko na Afrilun 2022, za su shata yankuna biyu: wanda ake sa ran teku zai ci cikin shekara 30, da wanda zai ci tsakanin shekara 30 zuwa 100. A na farko an hana sabon gini, in ban da 'yan keɓantattun ayyuka. A na biyu mutum na iya gini, amma sai ya ajiye kuɗin rushewa tun da wuri, ya kuma amince zai rushe da kansa idan ruwa ya matso. Hukuma ta sami ikon riga kowa sayen gidan da aka sa a kasuwa a irin waɗannan wurare, kuma dole a sanar da mai saye ko ɗan haya haɗarin da ke gabansa.

Raunin dokar yana wajen kuɗi. Ta tsara makomar ginin da ba a yi ba tukuna, amma wanda ya riga ya zuba gumin rayuwarsa a gida bakin teku ba ta ba shi tabbacin diyya ba. Magajin garin da ya shata layi ya san darajar gidajen masu zaɓensa za ta faɗi, kuma ba shi da abin sayensu. Ba abin mamaki ba ne wasu suka ja ƙafa wajen shiga jerin.

Nauyin kuwa ƙaruwa zai yi. Cibiyar bincike ta gwamnati, Cerema, ta ƙiyasta a 2024 cewa gidaje 5,200 na iya shiga haɗari nan da 2050. Idan aka bar katangun kariya suka lalace kuma teku ya ɗaga da mita ɗaya, adadin zai kai 450,000 a 2100, gidajen da darajarsu ta kai yuro biliyan 86.