Nazarin Ma'aunai Masu Alaƙa

nazarin ma'aunai masu alaƙa (sn., nm.) Reshen ilimin ƙididdiga da ake komawa gare shi idan gwaji guda ya ba da ma'aunai da yawa masu tashi da sauka tare. Mai binciken noma da ya zuba taki iri biyu a gonakin dawa zai auna tsawon kara, faɗin ganye da nauyin zangarniya. Ukun nan ba baƙin juna ba ne, domin karan da ya ji taki yakan yi ganye mai faɗi. In ya gwada kowanne shi kaɗai, ya ƙirga shaida guda sau uku ke nan, kuma yana iya ganin bambancin da babu shi. Kuskure ne mai tsada, tunda manomi ne zai sayi takin. Saboda haka ake gwada su a dunƙule, ana la'akari da alaƙarsu. Harold Hotelling na Amurka ya fitar da hanyar kwatanta rukuni biyu a 1931, Samuel Wilks ya faɗaɗa ta zuwa rukunai da yawa a 1932. Sharaɗi: tsiran da aka auna su fi ma'aunan yawa, in ba haka ba lissafin ba ya fita. Mis.: Sai da aka yi ~ aka gane takin da ya fi.