Motocin Toyota a arewa maso yammacin Jigawa

Motocin Toyota na daga cikin motocin da aka fi hawa a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, yankin da ya haɗa ƙananan hukumomin Yankwashi, Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. Toyota kamfanin ƙera motoci ne na ƙasar Japan, wanda Kiichiro Toyoda ya kafa a shekarar 1937. Yawancin motocinsa da ke yankin na hannu ne, waɗanda aka yi shekaru ana hawa a Turai ko Amurka kafin a shigo da su Najeriya. Saboda haka abin da mai mota yake gani a wajenta bai tsaya ga ingancin ƙira kaɗai ba. Ya danganta da halin da motar ta iso a ciki, da man da ake zuba mata, da hannun bakaniken da ke taɓa ta, da kuma sauƙin samun kayan gyaranta a kusa.

Yankin da hanyoyinsa

Yankwashi, wadda hedikwatarta take Karkarna, tana cikin Masarautar Kazaure tare da Kazaure, Roni da Gwiwa. Babura kuwa tana ƙarƙashin Masarautar Ringim, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar. Babbar hanyar yankin ita ce wadda ta taso daga Kano ta bi ta Dambatta da Kazaure ta wuce Daura har bakin iyaka a Kongolam. Da an sauka daga kwalta sai a shiga hanyoyin burji da na ƙasa. Wajen Kazaure da Roni akwai duwatsu da tuddai, can arewa kuma rairayi ne. Da bazara zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyus, da hunturu ƙura ta cika iska, da damina kuma zaizaya ta yanke wasu hanyoyin ƙauyuka. Wannan yanayi ne ya sa mai sayen mota a yankin yake fara duba tsayinta daga ƙasa, ƙarfin ƙafafunta da yadda injinta ke jure zafi, kafin ya dubi kyan fenti.

Tarihi

Kamfanin R.T. Briscoe ne ya fara shigo da motocin Toyota Najeriya a shekarar 1965, sannan aka kafa Toyota Nigeria Limited a 1996 domin rarraba sababbi. Amma a shekarun 1970 da 1980 Peugeot ce ke riƙe da hanyoyin Arewa, musamman bayan da masana'antar harhaɗa ta da ke Kaduna ta fara aiki a 1975. Fijo 504 ita ce motar ma'aikata, ita ce kuma motar haya tsakanin garuruwa.

Lamarin ya sauya bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Daga nan kasuwar motocin hannu ta buɗe. Ana kiran irin wannan mota 'yar Beljiyam, saboda da yawansu daga tashar jiragen ruwa ta Antwerp ake loda su, ko 'yar Kwatano, saboda birnin da ake sauke su a Jamhuriyar Benin. A kudu ana ce musu tokumbo, kalmar da ta fito daga Yarbanci. A cikin waɗannan motoci ne Starlet, Corolla da Carina E suka samu karɓuwa a Arewa.

Tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a ranar 2 ga Afrilu 1972, motar da ta dace da hanyoyinta ita ce mai sitiyari a hagu. Wannan ne dalilin da ya sa motocin, duk da cewa na kamfanin Japan ne, ba daga Japan ake kawo yawancinsu ba, domin can sitiyari a dama yake. Daga Amurka, Kanada, Jamus da Beljiyam suke zuwa.

Yadda motocin ke isowa

Shekaru da dama motoci kan sauka a Kwatano, a bi da su ta cikin Nijar, a shigo da su ta iyakokin Arewa irin su Jibiya, Kongolam da Maigatari, wasu da takardun kwastan, wasu ta fasa-ƙwauri. Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu 2017, sannan ta rufe iyakokin daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, ba a buɗe ba sai a Maris 2024. Waɗannan matakai sun ƙara karkata cinikin zuwa tashoshin jiragen ruwa na Legas.

Mutumin Yankwashi ko Gwiwa da ke son mota yakan nufi Kano ne tare da dillali, sau da yawa har da bakaniken da ya yarda da shi, domin a kunna injin a saurara, a leƙa ƙarƙashi, a duba takardun fito. Motar da ba a biya mata kuɗin fito daidai ba tana iya faɗawa hannun kwastan a kan hanya ko da ta sauya hannu sau uku, kuma mai riƙe da ita a lokacin shi ne ke asara.

Ire-iren motocin da laƙabobinsu

Corolla, wadda aka fara ƙerawa a 1966, ita ce motar ma'aikata, malamai da ƙananan 'yan kasuwa. Zuwa 2021 an sayar da fiye da miliyan 50 a duniya. Carina E, da aka ƙera tsakanin 1992 da 1997, har a masana'antar Burnaston ta Ingila, ta daɗe tana aikin haya da na gida, sannan Avensis ta gaje ta. Pontiac Vibe ma ana lissafa ta cikin dangi, domin tagwaye suke da Toyota Matrix, injinsu ɗaya.

Camry tana da laƙabobi da yawa a Najeriya. Ta 1997 zuwa 1999 ana ce mata Pencil saboda siraran fitilunta na baya. Ta 2002 zuwa 2006 ita ce Big Daddy, ta 2007 zuwa 2011 kuma Muscle ko Spider. A wajen ciniki laƙabin ya fi shekarar ƙira amfani, domin da shi dillali, mai saye da mai sayar da kayan gyara suke fahimtar juna.

HiAce, wadda ta fito a 1967, ita ce bas ɗin tasha. Samfurinta mai faɗin gaba ana kiransa Homa. Ita da Sienna suna jigilar fasinja tsakanin Kano, Kazaure da Daura, tare da motocin wasu kamfanoni irin su Golf da Sharan. Hilux, da aka fara a 1968, ita ce akori-kurar hukuma: 'yan sanda, ma'aikatan lafiya, 'yan kwangila da 'yan siyasa duk ita suke hawa zuwa ƙauyuka. Sunan da ta yi a yankin Sahel ya kai har yaƙin Chadi da Libiya na 1987 ake kiransa Yaƙin Toyota, saboda rawar da Hilux da Land Cruiser suka taka a hannun sojojin Chadi.

Abin da masu motocin ke yabawa

Abu na farko da masu Toyota ke ambata shi ne juriya. Injin Corolla da na Carina E suna ɗaukar dogon zango ba a buɗe su ba, matuƙar ana yi musu juyen mai a kan lokaci. Na biyu shi ne kayan gyara. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano cike take da kayan Toyota, sababbi da na Beljiyam, kuma mai mota a Kazaure ko Babura yana iya yin waya da safe a sako masa kayan a motar haya kafin magariba. Na uku shi ne kanikawa: da wuya a samu gareji a yankin da ba a san hannun Corolla ba, alhali motar Turai ta zamani takan tilasta wa mai ita tafiya Kano ko Kaduna.

Na huɗu, wanda ga mutane da yawa ya fi sauran nauyi, shi ne saurin sayuwa. Ga manomi ko ɗan kasuwa mota ajiya ce, kamar shanu ko fili. Idan buƙatar aure, jinya ko kujerar Hajji ta taso, Corolla ba ta daɗewa a hannun dillali. Wannan ne ya sa farashinta ya fi na takwarorinta masu shekaru ɗaya, amma masu saye suke jurewa.

Matsalolin da ake fuskanta

Wasu matsalolin daga masana'anta suke. Injin lita 2.4 mai lamba 2AZ-FE, da ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009, ya yi suna wajen shan baƙin mai saboda lahani a zoben fistin. Mai irin wannan mota yakan yi yawo da galan ɗin mai a but, idan kuma ya yi sakaci injin ya buga. A wannan samfurin ne kuma robar dashbod ke narkewa ta yi danƙo a cikin zafin rana. Tsakanin 2009 da 2011 Toyota ta janye miliyoyin motoci a duniya saboda matsalar maƙalewar totur, daga baya kuma aka janye wasu saboda jakar iskar kariya ta kamfanin Takata, wadda kan fashe da ɓaraguzan ƙarfe. Kamfanin ya yi waɗannan gyare-gyare kyauta a ƙasashen da aka sayar da motocin sababbi, amma motar da ta iso Najeriya ta hannun dillalai ba kasafai sanarwar ke riskar mai ita ba.

Wasu matsalolin kuma daga kasuwa suke. Da yawa daga motocin Amurka ana sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye, a gyara jiki a yi fenti. Wadda ruwa ya shiga takan fara da damun wayoyin lantarki bayan 'yan watanni. Akwai kuma mayar da lambar kilomita baya, da cire tukunyar tace hayaƙi daga salansa a sayar daban. Jabun kaya, musamman fulogi, matatar mai da takalmin birki, sun yawaita daidai da farin jinin motar. Masu mota kan ce araha ba ta ado. Wannan farin jinin ne kuma ya sa ɓarayi ke bin Corolla da Hilux, tun da kayansu ba sa kwantai.

Gyara da kulawa

Kanikanci a yankin ana koyonsa ne a gareji, yaro ya yi shekaru a ƙarƙashin maigida. Aikin ya kasu: akwai mai inji, mai wayarin, mai gyaran jiki, mai fenti da mai faci. Wasu al'adun da aka gada daga zamanin Fijo ba su dace da sababbin injuna ba. Daga ciki akwai cire na'urar daidaita zafin inji da haɗa fanka kai tsaye, da zuba ruwan rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, wanda ke jawo tsatsa. Haka kuma ana yawan zuba baƙin mai mai kauri na 20W-50 a injin da aka tsara wa 5W-30 ko 5W-20, da zuba wa giyar otomatik man da ba nata ba. Illar waɗannan ba ta fitowa nan take, shi ya sa akan ɗora laifin a kan motar.

Man fetur ma yana da nasa rabo. A lokacin ƙarancin mai, direbobi kan saya a hannun 'yan bumburutu, inda ƙura ko gauraye ke toshe famfon mai da nozul. A Fabrairu 2022 hukumomi sun tabbatar da shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar, wanda ya lalata motoci ya kuma jawo dogayen layuka a gidajen mai. Motocin da aka ƙera daga shekarun 2000 zuwa yau suna buƙatar na'urar kwamfuta domin gano ciwonsu, kuma matasan kanikawa sun fara amfani da ita.

Kalmomin mota a Hausa

Yawancin kalmomin wannan sana'a aro ne daga Turanci, amma an daidaita su da tsarin furucin Hausa. Da yake Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, akan saka wasali a tsakani, akan kuma rufe kalmar da wasali, kamar a birki, fulogi, kuloci da sitiyari. Wasu kuma ƙirƙirar Hausa ce, irin su akori-kura, baƙin mai da juye. Saboda kalmar mota tamace ce, sunayen motoci ma jinsin mace suke ɗauka: akan ce Corolla ce, Hilux ta iso, 'yar Beljiyam ce.

Sauyi bayan 2023

A ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500 cikin kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yuni 2023 aka saki canjin naira, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 a farkon 2024, kuma kuɗin fito da farashin kayan gyara suka bi ta.

Sakamakon haka 'yar Beljiyam ta fi ƙarfin ma'aikata da yawa, ciniki ya koma kan motocin da aka riga aka hau a cikin gida. Masu manyan injuna na silinda shida, irin su Sienna da wasu Camry, sun rage fita da su ko sun musanya da Corolla, wasu kuma sun ajiye mota sun koma babur. Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci masu amfani da iskar gas ta CNG a 2023, amma cin gajiyarsa ya dogara da samun wurin shan gas kusa da mai mota. A garuruwan yankin, tsofaffin Corolla da Carina E da suka haura shekara ashirin suna ci gaba da aiki, ana sauya musu inji ko giya na hannu maimakon a sayi wata.