Laimar Kwaɗin da Ta Kashe Makaɗin Paris

A ƙauyukan Dambatta da Bichi, idan damina ta nutsa laimar kwaɗi ta fito a gindin juji, uwa kan ja kunnen ɗanta kada ya taɓa. A watan Agusta na 1767 wani makaɗi a Paris ya ƙi jin irin wannan gargaɗi.

Sunansa Johann Schobert, makaɗin fadar Yarima Conti. Abin kiɗansa harpsikod ne, wanda aka yi yayinsa kafin fiyano: ka danna maɓalli, wani ɗan tsinke ya tsinci tsirkiya. Ya fita yawo da iyalinsa da abokai zuwa Pré-Saint-Gervais a bayan gari, suka tsinto naman kaza. Mai dafa abinci ya duba ya ce guba ne, ya ƙi dafawa. Wani likita da ke cikin tafiyar ya ce lafiya lau ne. Aka kai gida aka dafa. Schobert da matarsa da ɗansa suka mutu, likitan ma bai tsira ba.

Kusan shekara huɗu kafin nan, wani yaro ɗan Salzburg mai suna Mozart ya zo Paris da mahaifinsa. Uban bai ƙaunaci Schobert ba, har ya rubuta wa gida cewa mutumin mai hassada ne. Yaron kuwa kunnensa ya kama wani abu: kiɗan Schobert yana da duhu da zafin rai, a zamanin da fadawa suka fi son kiɗan ado. A watan Yuni na 1767, wata biyu kafin gubar, Mozart yana ɗan shekara 11 ya ɗauki wani sashe na sonatar Schobert ya sa shi a tsakiyar konshatonsa na fiyano, wanda yau ake kira K. 39. An daɗe ana yaba wa yaron kiɗan da ba nasa ba, sai farkon ƙarni na 20 masu bincike suka gano mai shi. A ganina an ci amanar mamaci, ko da ba da gangan ba.

Shi ma Mozart bai ga furfura ba, ya rasu a 1791 yana da shekara 35. Hyacinthe Jadin na Faransa tarin fuka ya ɗauke shi a 1800 yana da 24, George Pinto na Ingila kuma ya tafi a 1806 yana da 20. A wajenmu, makaɗin da ya rasu kafin zuwan faifai, sai abin da yaransa suka riƙe a ka. Waɗannan sun bar takarda, shi ya sa ake buga sonatocinsu har yau, kuma mai waya a Kunchi zai iya lalubo Schobert ya saurara bayan ya dawo daga noma.