Yaya Aka Yi Umar Ya Haɗu da Uwarsa?

Wata ɗaliba tawa a nan Dakoro ta dawo mini da Shaihu Umar tana ɓata rai. Ta ce, "Malam, duk faɗin hamada a ce yaro da uwarsa su haɗu a gari ɗaya? Wannan ai tatsuniya ce." Na ji daɗin ƙorafin, don alama ce ta karanta da hankalinta.

Littafin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. A daidai wannan zamani marubutan labaran bincike a Ingila suna kafa wa kansu dokoki. A 1929 Ronald Knox ya tsara guda goma, cikinsu har da hana katari ya warware wa jami'in bincike matsalarsa. Da wannan ma'auni aka auna Ɓalewa, da ya faɗi.

Ni ban ga ya faɗi ba. Na buɗe wa yarinyar taswira. Ayarin da ya tashi daga Kano da bayi a ƙarni na 19 ba ya bin inda ya ga dama. Rijiyoyi ne ke yi masa jagora. Hanyoyin ƴan kaɗan ne, ko ta Zinder da Agadez zuwa Ghat, ko ta Borno da Bilma zuwa Murzuk, kuma yawancinsu Tarabulus suke ƙarewa. Mutum biyu da cinikin bayi ya raba da gida, in an kora su arewa, kasuwanni ɗaya za su ratsa, a hannun fatake da suka san juna. Haɗuwar tana da wuya, amma marubucin ya share mata fage tun daga farko. Kuma bai ba mu ita kyauta ba: uwar ta rasu ba da jimawa ba bayan ta ga ɗanta.

Abin da ke damuna shi ne wasu littattafan sara da bincike da yaranmu ke samowa daga Maradi ko a waya, inda ɓarawo kan yar da katin shaidarsa a inda ya yi sata, a shafi na ƙarshe kuma a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai malalacin marubuci ya mai da ita mafaka.

Ɗalibar ba ta gamsu duka ba. Ta ce za ta sake karantawa da taswirar a gefenta.