Kasuwar da Ke Bayan Zaure

Duk wanda ya taɓa zuwa Maigatari ranar Alhamis ya ga kasuwa: shanu da raƙuma, fatake daga Nijar, dillalai ana ta tafa hannu. To amma akwai wata kasuwar da ke ci kullum a garin, da Gumel, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, ba ta da rumfa ko ɗaya. Ita ce ta cikin gidaje, inda ake soya ƙuli-ƙuli, a dama fura, a yi kantun riɗi. Makon nan tarihin yadda ta shiga littattafan masana za mu duba.

A zamanin Turawa, masu rubuta rahoto a zaure suke tsayawa, maigida ya ba su amsa. Da an ce mace tana kulle, sai a ɗauka ba ta da sana'a. A 1967 wata Baturiyar Ingila mai nazarin zamantakewa da tattalin arziki, Polly Hill, ta sauka a Batagarawa kusa da Katsina. Kafin nan ta yi suna da bincikenta kan manoman koko na Gana. Da yake mace ce, sai ta wuce zaure ta shiga cikin gida. Can ta tarar matan aure na sayar da hatsi, da man gyaɗa, da dafaffen abinci, gida zuwa gida. Ta kwatanta cinikin da saƙar zuma: kowane gida rami guda, amma duk a haɗe suke. A 1969 ta fitar da maƙala kan wannan ɓoyayyen ciniki, a 1972 kuma littafi guda kan ƙauyen.

Abin da ta fito da shi ya taɓa zaman aure kansa. Ci da sha da tufafi suna wuyan miji, amma ribar sana'a ta matar ce ita kaɗai. Har yakan zama maigida ya sayi abin da matarsa ta soya da kuɗinsa, ba wanda zai ce an yi abin kunya.

Sai dai tambaya ta rage: matar da ba ta fita, wa ke kai mata kaya? Enid Schildkrout, 'yar Amurka, ta bi wannan sawun a birnin Kano daga 1976. Amsar ita ce yara. Su ne 'yan aike, su ne 'yan talla, su ke sayo kayan haɗi su kawo ciniki. Da tallar 'ya mace uwa ke tara kayan ɗakinta. A shekarar nan ce kuma gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa. Nan aka yi karo: ranar da yarinya ta tafi aji, jarin uwa ya kwanta. Binciken ya nuna cewa uwar da ta hana 'yarta boko ba lallai ƙin ilimi take ba. Sau da yawa lissafi take, kuma lissafin mai ɗaci ne, domin yarinyar ce ke biyan farashinsa.

Daga nan ya yi wa masana wuya su ci gaba da kiran matar kulle marar aiki. Amma mu fa? Duba littattafanmu na soyayya. Matar aure ko dai tana kuka, ko tana kishi, ko tana jiran maigida ya dawo. Da wuya ka ga wadda ke zubin adashi, ko ke bin maƙwabciya bashin man gyaɗa, ko ta ranta wa mijinta kuɗin taki. Alhali a irin gidajen nan da yawanmu muka tashi, wasunmu ma sun ɗauki farantin talla.

Abin mamaki, baƙi sun sha wahalar neman izini kafin su ga tsakar gida, mu kuwa a can aka yanke mana cibi.

Ga aikin makon nan. Ka zauna da mahaifiyarka, ko ki zauna da kakarki, a tambaye ta da me ta fara sana'a, wa ya ɗaukar mata talla, ina kuɗin suka tafi. A rubuto shafi guda, a sakaya suna. Allah Ya saka wa iyayenmu mata da alheri.