Gishirin Ruwa da Zafi a Noman Tumatirin Ceri cikin Rumfunan Leda: Nazari a kan Almeriya

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda manoman lardin Almeriya, a kudu maso gabashin Sifaniya, ke noman tumatirin ceri, wato ƙaramin tumatir mai zaƙi da ke fitowa a gungu. Ta dogara da binciken da aka riga aka wallafa. Hujjarta ita ce, a wannan nau'i nauyin kaya kaɗai ba ya nuna riba, domin abin da ke rage nauyi sau da yawa shi ne ke ƙara zaƙi.

Gabatarwa

An kafa rumfar leda ta farko a Almeriya a 1963, a Roquetas de Mar. Yau rumfunan sun rufe fiye da hekta 30,000, kuma mafi yawansu ba su da na'urar ɗumama ko sanyaya iska. Ƙasar ma haɗa ta ake yi: a shimfiɗa laka, a bi da taki, sannan a rufe da yashi mai kaurin kusan santimita 10, wanda ke rage ƙafewar ruwa da taruwar gishiri a sama.

Gishiri da zaƙi

Maas da Hoffman sun nuna a 1977 cewa tumatir yana jure gishiri har zuwa maki 2.5 a ma'aunin gishirin ƙasa (dS/m), daga nan amfanin gona yana raguwa da kusan kashi 10 cikin 100 a kan kowane ƙarin maki ɗaya. Dalilin a fili yake. Idan gishiri ya yi yawa a gindin saiwa, shuka tana wahalar jan ruwa, sai 'ya'yan su tsuke. Sukarin da ganye ya sarrafa kuwa bai ragu sosai ba, don haka yake taruwa a ɗan ƙaramin wuri. Ga mai noman babban tumatir wannan asara ce, har da ruɓewar gindin 'ya'ya saboda sinadarin kalsiyam ba ya isa can. Ceri bai cika wannan ruɓewa ba, kuma bitar Cuartero da Fernández-Muñoz ta 1999 ta nuna nau'o'i masu ƙananan 'ya'ya ba sa asarar nauyi kamar manya. Shi ya sa yankin Níjar na lardin Almeriya, inda ruwan rijiya ke da gishiri, ya yi suna da tumatir mai ɗanɗano.

Sai dai a lura: gishirin ya zama daidaitacce. In aka bar shuka ta ji ƙishirwa sannan aka kwarara mata ruwa mai sauƙin gishiri, fatar ceri mai laushi takan tsage daga wajen hanci, kuma a gungun da ake sayarwa ɗungurungum, 'ya'ya biyu masu tsaga sun isa su karya farashi.

Zafi da barbarar fure

Garin furen tumatir ba ya zuba sai an girgiza furen. Tun bayan da likitan dabbobi ɗan Beljiyam, Roland de Jonghe, ya kafa kamfanin kiwon ƙudan barbara mai suna Biobest a 1987, ƙudan zuma mai gashi, Bombus terrestris, ya karɓi wannan aiki. In zafi ya haura digiri 30 zuwa 32, garin furen yana raunana, ƙudan kuma su tsaya fifita gidansu maimakon zagaya furanni. Maganin Almeriya mai araha ne: shafa farar ƙasa a rufin leda da bazara, a wanke ta in sanyi ya shigo.

Ƙwari

Tsutsar Tuta absoluta ta shiga Sifaniya a 2006. Ita ce sharon da ta cinye gonakin Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016. A rumfar da ke da ƙudan barbara feshi barkatai ba zai yiwu ba, don haka ake sakin ƙwaron Nesidiocoris tenuis, mai cin ƙwan tsutsar da farin ƙuda. Shi ma sai da sa ido: in abincinsa ya ƙare yakan koma tsotsar kan shuka, ya bar zobe mai ruwan ƙasa a jikin kara, furanni su zube. Raga mai ƙananan ido a tagogi tana tare ƙwari, amma tana tare iska, abin da ke sake ɗaga zafin cikin rumfa.