Na'urar Ɗura Insulin da Haɗarin Ƙwayoyin Cuta a Fata

Na'urar ɗura insulin 'yar ƙarama ce, girmanta bai wuce ƙaramar wayar hannu ba. Wasu masu ciwon suga kan rataya ta a ƙugu maimakon yin allura sau da yawa a rana. Tana tura maganin dare da rana ta wani siririn bututu wanda bakinsa ke zaune a ƙarƙashin fata, galibi fatar ciki, an manne shi da filasta. Masu amfani da ita ba su da yawa a ƙasar nan saboda tsadarta, amma muna son iyalansu da ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi su san haɗarin da ke tattare da bututun.

A fatar kowane mutum akwai ƙwayoyin cuta, musamman Staphylococcus epidermidis, wasu mutanen kuma suna ɗauke da Staphylococcus aureus. Muddin fata ba ta huje ba, ba kasafai suke cutarwa ba. To amma bututun ƙofa ne a buɗe: ƙwayoyin kan manne a jikinsa, su yi wata yauƙin kariya, su hayayyafa. Iya daɗewarsa a jiki, iya ƙaruwar haɗarin. Shi ya sa ake sauya mai bakin roba kada ya wuce kwana 3, mai allurar ƙarfe kuwa kwana 2. A shekarar 2021 hukumar FDA ta Amurka ta amince da wani nau'i mai kai wa kwana 7, amma wannan izini nasa ne shi kaɗai. Ƙara kwanaki don tattalin kuɗi ganganci ne, balle lokacin bazara da gumi ke ɗaye filasta.

Kafin sauyi a wanke hannu da sabulu, a goge fata da sifirit, a bari ta bushe. A riƙa canza wuri, a nisanci cibiya da tabo.

Alamun kamuwa su ne ja, kumburi, zafi, mugunya ko zazzaɓi, wani lokaci kuma suga ya hau ba dalili. A cire bututun, a sa sabo a wani wurin, a garzaya asibiti. Kada a matse ƙurjin. Da yake insulin ɗin na'urar mai gajeren aiki ne, idan ya daina shiga jiki sinadarin ketone zai iya taruwa a jini cikin 'yan sa'o'i, har mutum ya suma. Saboda haka a ajiye allurar insulin a kusa koyaushe.